Mai Bin Bashi da Wanda Ake Bi: Waiwaye a Kan Cibiyoyin Ciniki da Kuɗi na Duniya

Gabatarwa

Tun wajen shekarun 1990 kalmar nan ta dunƙulewar duniya ta zauna daram a bakin 'yan jarida da malaman jami'a, har ta kai ana barbaɗa ta a kowace magana kamar gishiri a miya. Galibi abin da ake nufi da ita shi ne yadda kaya da kuɗi da labari suke ƙetare iyakokin ƙasashe cikin hanzari. Idan iyakar ma'anarta ke nan, to Bahaushe ya daɗe da saninta. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro, da ayarin raƙuman da ke tasowa daga Tarabulus su biyo ta Gadamas da Agadas, duk sun haɗa kasuwar Kurmi da uwa duniya. Lokacin da Baturen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar da yadin Mancesta a rumfuna, ya kuma ga tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano ana ɗaure su za a kai har Tambutu. Sai dai a wancan zamani madugu ne ke daidaitawa da sarkin kowane gari a kan kuɗin fito da na hanya, in an matsa masa ya sauya hanya. Abin da ƙarni na ashirin ya zo da shi sabo shi ne doka guda a rubuce mai hawa kan kowa, tare da ofisoshin da ke tsaron ta, wato Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda aka fi sani da IMF, da Bankin Duniya, da kuma Ƙungiyar Ciniki ta Duniya.

Wannan maƙala za ta bi tarihin waɗannan cibiyoyi ne ta hanyar tambaya ɗaya. Idan ciniki tsakanin ƙasashe ya karkace, wata ta sayar fiye da abin da ta saya, wata kuma ta saya fiye da abin da ta sayar, to a wuyan wa nauyin gyara ya rataya? An yi wannan tambaya a 1944, an kuma ba ta amsa, kuma wannan amsa ce ta biyo mu har cikin ɗakunan karatunmu bayan shekara arba'in.

Taron Bretton Woods

Ranar 1 ga Yuli 1944, Yaƙin Duniya na Biyu bai ƙare ba tukuna, wakilai 730 daga ƙasashe 44 suka hallara a wani otal da ke Bretton Woods, cikin duwatsun jihar New Hampshire ta Amurka. Mako uku suka yi suna tattaunawa. Abin da ke cikin zukatansu shi ne karayar arzikin da ta auku daga 1929, lokacin da kowace ƙasa ta ɗaga kuɗin fito, ta karya darajar kuɗinta don ta ƙwace kasuwar maƙwabciyarta, har darajar cinikin duniya ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku, rashin aikin yi kuma ya share wa Hitila hanya a Jamus. Manomin gyaɗa na ƙasar Kano ma ya ɗanɗana kuɗarsa a waɗannan shekaru, domin farashi ya faɗi warwas alhali haraji na jiran sa. Amma ba a ji muryarsa a wancan otal ba. Daga nahiyar Afirka ƙasashe huɗu ne kacal suka sami kujera: Masar da Habasha da Laberiya da Afirka ta Kudu. Nijeriya tana cikin aljihun wakilan Ingila, Nijar da Cadi kuma suna cikin na Faransa.

Da marubucin wasan kwaikwayo ne ya tsara taron, da wuya ya samar da taurari biyu da suka fi waɗanda tarihi ya bayar. A gefen Ingila akwai John Maynard Keynes, mashahurin masanin tattalin arziki na zamaninsa, mai kaifin harshe, wanda ciwon zuciya ya riga ya ci ƙarfinsa. A gefen Amurka akwai Harry Dexter White, jami'in baitulmali, ɗan talakawa 'yan ci-rani, wanda ba shi da farin jinin Keynes, amma yana da abin da ya fi farin jini amfani a teburin ciniki: ƙasarsa ce ke riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na zinariyar da gwamnatocin duniya suka ajiye.

Shawarar Keynes ita ce a kafa wata ma'aikata da za ta zama kamar akawun duniya, mai kuɗin lissafi nata na kanta da ya raɗa wa suna banko. Kowace ƙasa za ta buɗe littafi a can. Wadda giɓinta ya yi yawa za a caje ta, a nemi ta gyara. Wannan ba sabon abu ba ne. Sabon abin shi ne, ƙasar da rararta ta yi yawa ita ma za a caje ta, a tilasta mata ta ƙara sayen kayan wasu, ko ta ɗaga darajar kuɗinta, ko ta ba da rance. Hujjarsa mai sauƙi ce: rarar wani giɓin wani ce, ba a samun ɗaya sai da ɗaya. In aka bar wanda ake bi shi kaɗai da nauyin gyara, ba shi da wata hanya sai ya rage saye, ya rage albashi, ya kori ma'aikata, daga nan kuma mai rarar ya rasa wanda zai sayar wa. Kada mai karatu ya ɗauka Keynes waliyyi ne. Ingila ce babbar wadda ake bi a lokacin, yaƙi ya bar ta da tulin bashin Indiya da Masar da ita kanta Amurka, saboda haka wa'azinsa ya dace da aljihun ƙasarsa. Kuma ita Ingilar, a cikin shekarun da suka biyo baya, ta riƙa tara rarar kuɗin gyaɗa da koko na Afirka ta Yamma ta hannun hukumomin sayen amfanin gona, tana ajiye wani ɓangare a Landan don tallafar fam ɗinta. Duk da haka, son zuciyar mai kawo hujja ba ya ɓata hujjar.

White bai karɓa ba, domin Amurka ce mai rara, kuma babu mai rarar da zai sa hannu a takardar da za ta ci shi tara. Abin da aka kafa ya fi kama da adashi. Kowace ƙasa ta zuba gwargwadon ƙarfinta, wadda ta shiga matsi ta ɗauka na ɗan lokaci ta mayar. Keynes ya so a tanadi kimanin dala biliyan 26, aka tsaya a biliyan 8.8, Amurka ta ɗauki nauyin biliyan 2.75 daga ciki. Sai dai wannan adashi ya saɓa wa na matan unguwa ta fuska ɗaya: ƙuri'ar kowa gwargwadon zubinsa ce. Manyan hukunce-hukunce na Asusun suna bukatar kashi 85 cikin ɗari na ƙuri'u, Amurka kuwa ba ta taɓa sauka ƙasa da kashi 15 ba, wato ita kaɗai tana iya hana ruwa gudu. Aka ɗaure kuɗin sauran ƙasashe da dala, aka ɗaure dala da zinariya a kan dala 35 kowace oza. Aka ajiye hedkwatar Asusun da ta Bankin a birnin Washinton, duk da ƙorafin Keynes, wanda ya so a nisanta su da 'yan siyasa. Aka kuma shimfiɗa wata al'ada da ba a rubuta ko'ina ba, cewa Ba'amurke ne zai shugabanci Bankin, Bature daga Turai kuma ya shugabanci Asusun. Keynes ya rasu a Afrilun 1946. White ya bi shi a 1948, kwana uku bayan ya bayyana gaban wani kwamitin majalisa da ke zargin sa da yi wa Tarayyar Sobiyet leƙen asiri.

Abubuwa biyu da suka faru ba da daɗewa ba sun nuna yadda tsarin ke aiki. A 1953, a Landan, ƙasashen da ke bin Jamus ta Yamma bashi suka yafe mata kusan rabi, suka kuma amince ta riƙa biyan sauran daga rarar cinikinta na waje. Wannan kusan ruhin shawarar Keynes ne, an yi wa Jamus shi ne domin ana bukatar ta a yaƙin cacar baki. A 1956 kuma, da Ingila da Faransa da Isra'ila suka far wa Masar a kan mashigin Suwez, fam ya shiga tangal-tangal, Ingila ta nufi Asusun neman agaji, Amurka ta tare ƙofa har sai da ta amince ta janye sojojinta. Ranar nan Ingila ta gane kujerar da ta rage mata a adashin da ta taya kafawa.

Dutsen Murhu na Uku

Tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. Masu tsarin sun so a kafa cibiya ta uku da za ta kula da ciniki, aka kuma rubuta kundinta a birnin Habana na Kyuba a 1948. A can ƙasashen Latin Amurka da Indiya sun yi magana da ƙarfi, har kundin ya ƙunshi babi a kan raya masana'antun ƙasashe masu tasowa, da wani babi a kan daidaita farashin albarkatun gona da ma'adinai, wanda shi ne ciwon da ya fi damun mai noman gyaɗa da auduga da koko. Majalisar Amurka ba ta taɓa amincewa da shi ba, a 1950 kuma gwamnatin Truman ta haƙura. Abin da ya rage shi ne wata yarjejeniyar wucin gadi ta rage kuɗin fito, mai suna GATT, wadda ƙasashe 23 suka sa wa hannu a Janiba a 1947. Wucin gadin nan ya shekara 47.

GATT ta yi aiki, ba a musun wannan. Kuɗin fito a kan kayan masana'antu tsakanin ƙasashe masu arziki ya sauko ƙwarai, cinikinsu ya bunƙasa. Amma a dubi abin da aka keɓe. A 1955 Amurka ta nemi a ɗauke mata doka a kan amfanin gona, aka ɗauke mata, Turai ma ta gina nata shingen. Da masaƙun Asiya suka fara cin kasuwa, sai aka fito da ƙa'idar ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe matalauta za su iya shigarwa ƙasashe masu arziki, tun daga farkon shekarun 1960, aka faɗaɗa ta a 1974. Noma da saƙa, su ne sana'o'i biyu da talaka zai iya yin takara a cikinsu, kuma su ne biyun da aka cire daga 'yancin ciniki.

Nijeriya ta shiga GATT a 1960, ta shiga Asusun a 1961. A wannan zamani fuskar Bankin Duniya a wurinmu fuskar mai gini ce. Rancensa na 1958 ne ya taimaka aka ja layin dogo zuwa Maiduguri, na 1964 kuma ya shiga aikin madatsar ruwa ta Kainji.

Daga Zinariya Zuwa Bashi

Ranar 15 ga Agusta 1971 Shugaba Nixon ya fito a talabijin ya ce Amurka ta daina musayar dala da zinariya. Yaƙin Biyetnam da sauran kashe-kashen kuɗi sun sa dalolin da ke waje sun fi ƙarfin zinariyar da ke rumbu. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, kuma babu wata tawaga da ta tashi daga Asusun ta je ta gindaya masa sharuɗɗa. Da wannan sanarwa aikin da aka kafa Asusun dominsa, wato tsaron tsayayyen farashin musaya, ya ƙare. Sai dai ma'aikata ba ta mutuwa don aikinta ya ƙare, wani aikin take nema. Shekara goma bayan haka ta same shi.

A 1973 zuwa 1974 farashin man fetur ya ninka sau huɗu. Ƙasashen Larabawa suka zuba rararsu a bankunan Landan da New York, bankunan kuma suka bazama neman masu cin bashi a Latin Amurka da Afirka, bisa ruwan da ke hawa da sauka gwargwadon kasuwa. Nijeriya, duk da tana cikin masu sayar da man, ta karɓi rancen dala biliyan 1 daga waɗannan bankuna a 1978. A Oktoban 1979 shugaban babban bankin Amurka, Paul Volcker, ya ɗaura ɗamarar yaƙi da tsadar kaya a cikin ƙasarsa, ruwan bashi ya haura kashi 20 cikin ɗari. Shi don gidansa ya yi, amma duk wanda ya ci bashi da dala a ko'ina cikin duniya ya wayi gari abin da ake bin sa ya kumbura, a daidai lokacin da farashin abin da yake sayarwa ke faɗuwa. A Agustan 1982 Meziko ta ce ba za ta iya biya ba.

A nan ne tambayar 1944 ta dawo. Bankunan da suka ba da rance ido rufe suna da nasu laifin, kamar yadda gwamnatocin da suka karɓa suka watsar suke da nasu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma tsarin da aka bi ya ɗora nauyin a gefe ɗaya. Asusun ya zama mai tsaron ƙofa: masu bin bashi, ko gwamnatocin da ke zama a Kulob ɗin Faris ko bankunan da ke zama a na Landan, ba za su ɗaga wa wata ƙasa ƙafa ba sai ta zo da shaidar amincewar Asusun. Ita kuwa shaidar tana da farashi, wato a karya darajar kuɗi, a janye tallafi, a rage ma'aikata, a sayar da kamfanonin gwamnati, a buɗe iyaka. Shugabannin Afirka sun fito da nasu shirin a Legas a 1980, mai dogaro da kai da cinikin junansu. A 1981 Bankin Duniya ya fito da rahoton Berg mai kishiyar wannan ra'ayi. Ɗaya yana da kuɗi a bayansa, ɗaya ba shi da shi, ba sai an faɗi wanda aka bi ba.

Muhawarar 1985

Babu inda wannan labari ya ɗauki salo mai ban mamaki kamar Nijeriya. Gwamnatin Shagari ta fara tsuke bakin aljihu a 1982, ta buɗe tattaunawa da Asusun a kan rancen da ya haura dala biliyan 2. Gwamnatin Buhari ta gaji maganar, ta ƙi karya naira da janye tallafin mai, ta koma musayar ɗanyen mai da kaya. Da Janar Babangida ya karɓi mulki a Agustan 1985, sai ya yi abin da ba a saba gani ga soja ba, ya ce a yi muhawara, jama'a su faɗi ra'ayinsu. Jaridu da gidajen rediyo da zaurukan jami'o'i suka ɗauka. 'Yan ƙwadago da ɗalibai da malamai da 'yan kasuwa da dama suka ce ba su yarda ba. A Disamban 1985 gwamnati ta sanar da cewa ta ji, ba za ta karɓi rancen ba. Aka yi ta murna.

A Yulin 1986, lokacin da gangar mai ta faɗo zuwa wajen dala 10, aka ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki da kowa ya sani da SAP, aka ce na gida ne. A cikinsa akwai kusan duk sharuɗɗan da aka yi muhawara aka ƙi. Dalili kuwa a fili yake: ko da Nijeriya ba ta son kuɗin Asusun, tana son shaidarsa, don masu bin ta su ɗaga mata ƙafa. An sha maganin ke nan ba tare da zumar da ake haɗawa da shi ba. A Satumban wannan shekara aka fara gwanjon kuɗin waje, dala ta tashi daga kimanin naira ɗaya da rabi zuwa fiye da naira 4 a zaman farko. Nairar da ta fi dala daraja a 1980 ta kai wajen 22 a kan dala ɗaya a 1993.

Adalci ya wajaba a nan. Tsarin da SAP ta rusa ba abin kuka ba ne gaba ɗayansa. Lasin shigo da kaya ya zama hanyar azurta 'yan lele, takarda ɗaya tana sauya hannu sau da yawa kafin kaya su iso. Hukumomin sayen amfanin gona sun shekara da shekaru suna biyan manomi ƙasa da abin da kayansa suka cancanta, kuma da aka rushe su a 1986 manoman koko sun ga canji a aljihunsu. Amma hukumar auduga, ban da saye, ita ce ke raba iri da tantance daraja, da aka kawar da ita rana ɗaya babu wanda ya gaji wannan aiki, iri ya gauraye, daraja ta faɗi. Masana'antun da ke shigo da kayan gyara da sinadarai daga waje suka ga kuɗinsu ya ninka. Mai albashi kuwa, ko malami ko ma'aikacin jinya, ya ga takardar albashinsa tana nan yadda take, cefanen da take saye yana ƙanƙancewa wata bayan wata.

Jami'o'i sun sha nasu kason. Littafi da mujallar ilimi da sinadarin ɗakin gwaji duk da dala ake sayo su, saboda haka kantocin ɗakunan karatu da yawa suka tsaya cak a tsakiyar shekarun 1980, kamar agogon da aka daina ɗaure wa. Malamai suka yi ta ficewa zuwa Saudiyya da Amurka da kudancin Afirka. Masanan Bankin Duniya a lokacin suna ganin kuɗin da aka zuba a firamare ya fi wanda aka zuba a jami'a riba, ra'ayin da shi kansa Bankin ya sassauta a wani rahoto na shekarar 2000, bayan aikin gama ya gama. A Mayu da Yunin 1989 zanga-zangar ƙin SAP ta tashi daga ɗalibai ta bazu cikin birane, aka rasa rayuka, aka rufe jami'o'i.

A ƙetaren iyaka ma haka abin yake. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗaliban da ke ƙin matakan tsuke kuɗin ilimi a gadar Kennedy ta birnin Yamai, uku suka mutu, kuma wannan rana tana cikin abubuwan da suka kai Nijar ga taron ƙasa na 1991. A Janairun 1994 kuma, a Dakar, shugabannin ƙasashen da ke amfani da sefa suka zauna da shugaban Asusun, Michel Camdessus, da wakilan Faransa, aka fito da sanarwar cewa faran ɗin Faransa da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100. Masu kai shanu kasuwannin gaɓar teku sun ci riba. Mai sayen magani a Maraɗi ko Damagaram ya tarar da farashi ya tashi cikin 'yan kwanaki.

Auduga da Tufafi

Dutsen murhu na uku ya samu a ƙarshe. An sa hannu a Marakish ta Maroko a Afrilun 1994, Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1995. A takarda ta fi 'yan'uwanta biyu adalci, domin kowace ƙasa murya ɗaya gare ta, kuma tana da kotu wadda ƙaramar ƙasa za ta iya kai babba ƙara. An yi alkawarin shigar da noma da tufafi cikin doka, a madadin haka ƙasashe masu tasowa suka amince da sababbin dokoki a kan haƙƙin mallakar fasaha, waɗanda daga baya suka zama abin rigima a kan farashin maganin ƙanjamau.

Auduga ce ta gwada wannan alkawari. A farkon shekarun 2000 gwamnatin Amurka tana biyan manoman audugarta, su kimanin 25,000, tallafin da ya kai dala biliyan 3 zuwa 4 a wasu shekaru, abin da ya danne farashi a kasuwar duniya. Su kuwa manoman Afirka ta Yamma, an riga an sa gwamnatocinsu sun rage nasu tallafin a ƙarƙashin shirin gyara. A 2003 ƙasashe huɗu, Benin da Burkina Faso da Cadi da Mali, suka kai kuka gaban ƙungiyar. A taron Kankun na Satumban wannan shekara, daftarin da aka fito da shi ya ba su shawara su nemi wata sana'a ban da auduga. Taron ya watse ba tare da matsaya ba. Birazil, wadda ke da lauyoyi da kuɗin shari'a, ta shigar da ƙara a 2002, ta yi nasara. Amma maimakon a janye tallafin nan take, a 2010 Amurka ta amince ta riƙa biyan Birazil dala miliyan 147 a shekara, aka rufe maganar a 2014 da dala miliyan 300. Wanda ya iya kai ƙara ya sami diyya, manomin Cadi bai sami ko anini daga cikinta ba.

Tufafi kuwa, an ɗage ƙayyadewar nan ranar 1 ga Janairu 2005, shekara uku bayan ƙasar Sin ta shiga ƙungiyar. 'Yancin da aka hana shekara arba'in ya zo a lokacin da mai cin moriyarsa ɗaya ne tak ya shirya. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi ta a 2007, unguwar Kakuri ta yi tsit. Ba daidai ba ne a ɗora wannan duka a kan Janiba. Rashin wutar lantarki namu ne, tsadar baƙin mai tamu ce, fasa-ƙwaurin da ke biyowa ta Kwatano da Maraɗi zuwa Kantin Kwari kuma da hannun mutanenmu ake yin sa. Amma Sin da Koriya ta Kudu sun gina masana'antunsu ne a bayan shinge, da rancen gwamnati mai rahusa, da ƙayyade fitar kuɗi, wato da kayan aikin da aka ce wa ƙasashen da ake bi bashi su ajiye.

A Oktoban 2005 Kulob ɗin Faris ya yafe wa Nijeriya dala biliyan 18 daga cikin kimanin biliyan 30, bisa sharaɗin ta biya biliyan 12.4 cikin 'yan watanni, ta kuma biya. Ministar kuɗin da ta jagoranci tattaunawar, Ngozi Okonjo-Iweala, ita ce ta zama shugabar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Maris 2021, mace ta farko kuma 'yar Afirka ta farko. Ta tarar da kotun ɗaukaka ƙara ta ƙungiyar ta daina zama tun Disamban 2019, saboda Amurka ta ƙi yarda a naɗa sababbin alƙalai.

Ita Amurka yanzu ta daɗe a kujerar mai giɓi. A 2009 shugaban babban bankin Sin ya tuno wa duniya da bankon Keynes. A 2010, a taron manyan ƙasashe ashirin, sakataren baitulmalin Amurka ya nemi a sa wa rarar kowace ƙasa iyaka, wato abin da White ya ƙi a 1944, sai Sin da Jamus suka ƙi. A Afrilun 2025 Shugaba Trump ya sanar da sabon kuɗin fito a kan kusan kowace ƙasa, wanda aka lissafa gwargwadon rarar da take da ita a cinikinta da Amurka. Mafi tsanani a jerin, kashi 50 cikin ɗari, ya faɗa kan Lesotho, ƙaramar ƙasa mai mutane kimanin miliyan biyu, wadda ta gina masana'antun ɗinka wanduna bisa gayyatar wata dokar Amurka ta shekarar 2000. Daga baya an sauko da shi zuwa kashi 15, amma kafin nan masu saye sun janye odarsu, an sallami ma'aikata, gwamnatin ƙasar kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rashin aikin yi a watan Yuli.